Nazarin lamari: mawaƙiyar dandamali da aikin maƙogwaro ya raba da muryarta

Asali da horo, 1935 zuwa 1954

Matar da wannan nazari ya shafa ita ce Julie Andrews, 'yar Ingila. An haife ta a watan Oktoba na 1935 a wani ƙaramin gari cikin gundumar Surrey, ba nisa da Landan. Mahaifiyarta makaɗiyar fiyano ce, mijin mahaifiyar kuma mawaƙi ne da ke yawon gidajen wasa. Shi ne ya fara koya mata waƙa tana ƙarama, kafin a miƙa ta hannun wata malama, tsohuwar mawaƙiya, wadda ta riƙe ta shekaru da dama.

Masu kiɗa suna auna faɗin murya da tsanin do-re-mi. Daga "do" ɗaya zuwa "do" na samansa, tsani guda ke nan. Yawancin mutane muryarsu ba ta wuce tsani ɗaya da rabi zuwa biyu. Yarinyar nan tsani huɗu take hawa. Malamar tata ba ta tsaya ga tsayin murya kaɗai ba, ta matsa mata ƙwarai a kan lafazi: kowane baƙi ya fita tas, kowane wasali ya zauna daram, mai zama a kujerar ƙarshe ya ji kalmar ba tare da ya miƙa wuya ba. A riƙe wannan, domin zai sake tasowa can gaba.

A 1947, tana da shekara 12, ta hau dandamalin gidan wasa na Hippodrome a Landan. Shekara guda bayan haka ta yi waƙa a gaban Sarki George na Shida. Tun daga lokacin kuɗin waƙarta na cikin abin da ke riƙe da gidansu. A ƙarshen Satumba na 1954, ana gobe za ta cika shekara 19, ta fara wasa a Broadway, unguwar gidajen wasan New York.

Irin aikin da muryar ke yi, 1954 zuwa 1965

Mai kallon finafinan Hausa ya saba da cewa mawaƙi daban, jarumi daban: a ɗauki waƙa a sutudiyo, jaruma ta zo ta motsa baki a gaban kyamara. Wasan dandamali mai waƙa ba haka yake ba. Wadda ke wasan ita ce ke rera waƙar, a tsaye a gaban jama'a, ga makaɗa a ƙarƙashin dandamali suna bin ta. A Broadway sau takwas ake yin wasa a mako, wato akwai ranaku biyu da ake yi da rana a sake yi da dare. Wasan da ya karɓu yana iya shekara biyu ko uku ana maimaita shi.

A watan Maris na 1956 ta fara fitowa a My Fair Lady, a matsayin 'yar tallar furanni da wani malamin harshe ya ɗauki alƙawarin mayar da ita kamar 'yar sarauta. Matsayin yana cin murya ta hanya biyu. A farkon wasan sai ta yi ta ihu da karin harshen talakawan Landan, mai fita ta hanci da ƙarfi, daga baya kuma ta koma waƙa da siririyar murya mai tsabta. A lokacin gwaji abin ya so ya gagare ta, har mai ba da umarnin wasan ya sallami sauran 'yan wasa na kwana biyu ya zauna da ita kaɗai, suna bin layi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wasan kusan shekara biyu a New York, ta ƙara shekara ɗaya da rabi a Landan. A littafin tarihin rayuwarta ta ambaci yadda muryar ta riƙa gajiya a wannan tsakanin.

Da aka zo mayar da wasan fim, kamfanin ya tsallake ta ya ɗauki wata jaruma da ta fi ta suna, aka kuma sa wata mawaƙiya ta rera mata yawancin waƙoƙin. Ita kuwa Disney ta ɗauke ta a Mary Poppins na 1964, wanda ya ba ta kyautar Oscar. A 1965 The Sound of Music ya fito. Daga nan harkarta ta koma fim da talabijin da tarukan waƙa jefi-jefi, inda ake iya tsayawa a huta, a sha ruwa, a sake ɗauka. Ta yi fiye da shekara 30 ba ta koma wasa a Broadway ba.

Farkon matsalar, 1995 zuwa 1997

A watan Oktoba na 1995, 'yan makonni bayan ta cika shekara 60, ta koma Broadway da Victor/Victoria. Mijinta ne ya shirya wasan, kamar yadda shi ne ya shirya fim ɗin da aka ciro shi daga ciki a 1982. Labarin wata mawaƙiya ce a Faris da yunwa ta sa ta yi shigar namiji, namijin da kuma yake kwaikwayon mace a dandamali. Saboda haka dole ta yi magana da waƙa da kakkaurar murya ta ƙasa, sannan ta haye can sama idan wurin ya zo. Ita ce ginshiƙin wasan: sunanta ke sayar da tikiti, kuma ba ta cika barin dandamali ba daga farko har ƙarshe.

Cikin shekara ta biyu muryar ta fara dishewa. Ta riƙa fashin wasu ranaku. A watan Janairu na 1997 ta ɗauki hutu wata shahararriyar mawaƙiya ta riƙe mata wurin, ta dawo ta ci gaba, sannan ta bar wasan a watan Yuni. Bai daɗe ba bayan tafiyarta aka rufe shi, bayan an yi shi sau 734.

Da aka duba maƙogwaron an ga wani abu a jikin tantanin da ke fitar da murya, kuma an tabbatar ba ciwon daji ba ne. Hanya biyu ce a gabanta. Ta farko, ta yi dogon hutu ta bar waƙa, a ga ko abin zai lafa da kansa. Ta biyu, a yi mata aiki a cire. A lokacin ana shirin fita da wasan zagayen biranen Amurka, kuma da ita ake son tafiya. Bisa abin da ta faɗa daga baya, an nuna mata cewa aikin ƙarami ne kuma cikin mako shida muryar za ta dawo.

Abin da wuƙa ke taɓawa

Ɗaliban Hausa sun san wannan tantani da sunan tantanin maƙwallato, wanda ake cewa yana karkarwa idan aka furta "z" amma ba ya yi idan aka furta "s". Ɓangare biyu ne a cikin maƙogwaro, kamar leɓɓa biyu, kowanne a wajen mace bai kai santimita biyu ba. Iska daga huhu ke kaɗa su. Idan mace tana magana suna haɗuwa su rabu kamar sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan mawaƙiya ta hau can ƙololuwa, abin yana haura sau 1,000.

Tantanin hawa-hawa ne. A ciki akwai tsoka, a waje akwai siririyar fata, a tsakaninsu kuma wani sashe mai laushi da santsi kamar yauƙin kuɓewa da ya ɗan daskare. Wannan sashen ne ke barin fatar sama ta yi ta kaɗawa a kan tsokar, kamar yadda iska ke kaɗa saman ruwan tafki. Wani likitan Japan, Minoru Hirano, shi ya bayyana wannan tsari a shekarun 1970, kuma bayaninsa ya sauya yadda ake aikin murya. Idan aka yanke sashen mai laushi, jiki ba ya mayar da irinsa. Tabo yake sawa a wurin, tabo kuwa tauri gare shi. Mai tabo a nan zai iya magana, ko da da shaƙaƙƙiyar murya, amma riƙe sauti mai tsawo ko hawa sama ba zai yiwu ba.

Abin da ya fi damun mawaƙa shi ne kanta, irin wadda fartanya ke yi wa manomi a tafin hannu, sai dai wannan a bakin tantanin take fitowa saboda yawan gogayya. Maganinta na farko hutu ne da horo a wajen masu gyaran murya. Aiki sai in wannan ya ci tura.

Aikin da abin da ya biyo baya, 1997 zuwa 2000

An yi mata aikin a watan Yuni na 1997 a wani babban asibiti a New York. Rahotannin lokacin sun ce irin wannan kanta aka cire. Ita kuwa daga baya ta musanta cewa kanta ce. Wani lokaci ta kira abin ƙullutu, wani lokaci ta ce wani rauni ne da yawan aiki ya haifar a jikin tantanin.

Mako shida ya wuce. Muryar magana ta fito a shaƙe, ta waƙa kuma babu. Abin da aka fara gwadawa shi ne jira da atisayen murya, bisa zaton kumburi ne zai sace. Zagayen da aka shirya bai yiwu da ita ba. A 1998 mijinta ya faɗa wa wata mujalla cewa ba ya jin za ta sake waƙa. A wannan shekarar ta karɓi wani ɗan aiki a Landan, inda aka naɗi muryarta a matsayin aku a wani wasan yara, ana kunnawa a dandamali ba tare da ita tana wurin ba.

A 1999 ta kwanta na ɗan lokaci a wata cibiya a jihar Arizona don neman shawarar masu kula da baƙin ciki. Ta ce abin ya jefa ta cikin damuwa mai tsanani, ta ji kamar ba ta san ko wace ce ita ba. Mutum ne da tun yana shekara 12 muryarsa ce abincinsa, ita ce kuma sunansa.

A watan Disamba na 1999 ta kai ƙarar asibitin da likitoci biyu a kotu, tana zargin an yi sakaci a aikin kuma ba a sanar da ita haɗarin rasa murya ba. A watan Satumba na 2000 aka sasanta a wajen kotu. Ba a bayyana kuɗin ba, kuma tunda ba a kai ga hukunci ba, kotu ba ta ɗora wa kowa laifi ba.

Ƙoƙarin gyara a Boston, daga 2000

Daga nan ta koma hannun Dokta Steven Zeitels, likitan maƙogwaro a Boston wanda manyan mawaƙa ke zuwa wurinsa. Sau huɗu ya yi mata aiki, yana rage tabon yana sassauta wurin. Sakamakon ya rabu biyu. Muryar magana ta gyaru sosai, shaƙewar ta ragu, ta iya doguwar magana a gaban makirufo. Muryar waƙa ba ta dawo ba. Abin da ya rage mata kamar tsani guda ne, shi ma a ƙasa, daga huɗun da take da su.

Dalilin a bayyane yake ga likitan: rage tabo ba ya dawo da sashen mai laushi, kuma ba a bar isasshensa da zai kaɗa ba. Wannan ya sa a 2002 ya haɗa kai da Farfesa Robert Langer na jami'ar MIT don ƙera wani abu mai kama da yauƙi da za a riƙa ɗura wa tantanin da allura ya maye gurbin abin da aka rasa. Ita ma ta ba da sunanta da lokacinta wajen nema wa binciken tallafi. A 2011 masu binciken sun sanar da ci gaban da suka samu a gwaje-gwaje, amma abin bai zama maganin da ya dawo mata da waƙa ba.

Gwajin komawa waƙa, 2004 zuwa 2010

Sau biyu aka gwada ta da sauran muryar da ta rage, ta hanyoyi mabambanta.

Na farko a 2004 ne, a wani fim na Disney inda ta fito a matsayin sarauniya, kakar wata yarinya. An rubuta mata waƙa ta musamman wadda ba ta fita daga tsani guda ba, rabinta magana ce mai bin kiɗa, sannan wata matashiyar mawaƙiya ta shigo ta ɗauke wuraren da ke buƙatar hawa. A sutudiyo ne, ana iya sakewa, kuma gajeriya ce. Ta yi, an kuma yaba.

Na biyu ya fi girma. A 2008 ta zagaya wasu biranen Amurka da wani shiri na kiɗa, tare da matasan mawaƙa da ke rera yawancin waƙoƙin, ita tana gabatarwa tana ba da labari tana sa baki nan da can. A ranar 8 ga Mayu 2010 aka kai shirin zauren O2 na Landan, mai cin mutum kusan 20,000. Kafin ranar ta faɗa wa 'yan jarida cewa kada a sa ran tsohuwar murya, abin da za ta yi magana ce cikin waƙa. Amma jaridu sun riga sun baza cewa ta dawo, kuma tikitin ba araha ba. Da ta fito an miƙe tsaye ana tafi. Waƙa biyu kacal ta rera ita kaɗai. Kashi na biyu na daren kuwa karatun wani labarin yara ne da suka rubuta da 'yarta, makaɗa suna bi. Wasu sun tashi sun fita tun ba a gama ba, wasu sun nemi a mayar musu da kuɗinsu, masu sharhi a jaridu kuma ba su raga mata ba. Ba ta sake shirya taron waƙa mai wannan girma ba. A watan Disamba na wannan shekarar mijinta ya rasu.

Abin da ya kama, 2000 zuwa 2022

Tun kafin ciwon tana rubutu: ta fitar da littafin yara a 1971, wani kuma a 1974. A 2000 ta koma ga wannan tare da 'yarta, suka fara da labarin wata ƙaramar motar tipa. Zuwa yanzu sun rubuta littattafai sama da 30, wasu sun hau jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka. Ta sha ba da labarin wata rana da take kukan rashin waƙa, 'yar ta ce mata ai ta samu wata hanyar amfani da muryar ne kawai. Ta ce daga ranar nauyin ya fara sauka.

Fim ma ya dawo. Fim ɗin sarauniyar nan na Disney kashi biyu ne, na farkon, na 2001, ya yi kasuwa kuma ya haɗa ta da yaran da ba su taɓa jin ta tana waƙa ba. Sai aikin murya zalla: uwar gimbiya a wani fim na zane a 2004, wata uwa mai tsaurin hali a wani a 2010. A 2011 ta karɓi kyautar kiɗa ta Grammy har biyu, ɗaya ta girmamawa kan aikin rayuwa, ɗaya kuma tare da 'yarta kan faifan karatun waƙoƙi ga yara. Daga Disamba na 2020 ita ce muryar mai ba da labari a shirin Bridgerton na Netflix, ba a ganin fuskarta ko sau ɗaya.

Ta kuma koma dandamali ta bayan fage. A 2003 ta ba da umarni a wasan da ta fara Broadway da shi, a wani ƙaramin gidan wasa a jihar New York. A 2016 ta shirya My Fair Lady a gidan opera na Sydney, shekara 60 bayan ta fara yin sa, tana koya wa wata matashiya matsayin da aka taɓa kwana biyu ana cusa mata. A 2022 cibiyar finafinai ta Amurka ta ba ta lambar aikin rayuwa.

Hukunci

A ganina wurin da aka yi asara shi ne zaɓin 1997, kuma ba sai an san abin da ya faru a ɗakin tiyata ba kafin a faɗi haka. Hanya biyu aka ajiye mata, ɗaya ana iya komawa daga gare ta, ɗaya ba a iyawa. Da ta huta wata shida abin bai lafa ba, aikin yana nan yana jiranta. Da aka yi aikin, hutu bai da sauran amfani. Abin da ya karkatar da ma'aunin jadawalin zagaye ne, ba lafiyar maƙogwaron ba. Ita ma ba ta cikin halin da za ta ƙi cikin sauƙi: mijinta ne mai wasan, kuma abincin mutane da yawa ya rataya a wuyanta, kamar yadda na gidansu ya rataya tun tana yarinya.

Wannan ba ya nufin aikin murya ba ya yi. A ƙarshen 2011 likitan nan na Boston ya yi wa mawaƙiyar Ingila Adele aiki kan wani tsiro mai zubar da jini a tantanin, a watan Fabrairu na 2012 ta tsaya ta yi waƙa a bikin Grammy. Bambancin yana ga yawan sashen mai laushi da aka bari. Shi ya sa ayyuka huɗu na gyara suka tsaya inda suka tsaya. Magana ba ta buƙatar kaɗawa mai yawa, don haka ta gyaru. Waƙar sama tana buƙatar abin da babu shi.

Daren O2 kuwa ban ɗauke shi gazawar murya ba, domin muryar da ta yi waƙar 2004 ita ce ta je Landan. A fim an ɗinka rigar daidai jikinta. A Landan an sayar wa mutum dubbai tikiti da sunan muryar 1965, gargaɗin da ta yi kuma bai kai ƙarfin tallan ba. Wanda ya biya kuɗi don ya ji waƙa aka karanta masa labarin yara yana da hujjar yin fushi, ko da mai karatun wace ce.

Abin da ya yi aiki shi ne rabin horon da wuƙa ba ta kai gare shi ba. Malamarta ta ba ta abu biyu, tsayin murya da lafazi, na farko ne kaɗai ke zaune a maƙogwaro. Sanin inda za a ja numfashi, inda za a dakata, yadda za a ɗora nauyi a kan kalma ɗaya jimla ta juya, duk wannan ya tsira, kuma shi masu fim ɗin zane da Netflix suke saya. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowace mawaƙiya ce za ta samu wannan mafita ba. Ita ta rasa muryar ne tana da Oscar a ɗaki, da suna, da kuɗin ganin likitan da ta ga dama, da 'ya marubuciya. Mawaƙiyar da ke layin baya a wannan wasan, da ita abin ya samu, babu mai rubuta mata waƙa mai tsani guda.

Muryar waƙar dai ba ta dawo ba har yau. Idan aka tambaye ta, takan yi raha ta ce yanzu waƙoƙin da ake rubuta wa maza masu kakkaurar murya su ne daidai da ita.